Fitilun Tirela: Cututtukansu da Hanyoyin Gano Su

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tafiyar dare a kan hanyar Kano zuwa Kaduna, ko ta Kaduna zuwa Abuja, ya san irin faɗuwar gaban da kan sami direba sa'ad da wani baƙin abu ya tokare masa hanya ba zato ba tsammani, sai ya matso sa'an nan ya ga ashe bayan tirela ne, tana jan ciki ko tana tsaye, babu ko ɗigon haske a jikinta. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a guda tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin ido ya gani, hankali ya yanke shawara, ƙafa ta sauka a kan burki, sakan guda ya wuce, ko ma fiye. Ke nan ɗan jan ƙwan nan da ke bayan tirela, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa shi ne sanadin tsirar mutanen da ke biye.

Saboda haka ne dokoki suka kula da shi. Yarjejeniyar zirga-zirgar motoci da aka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarar 1968 ta wajabta wa tirela jajayen fitilu a baya, da jajayen madubai masu kusurwa uku waɗanda ke mayar da hasken motar da ke biye. A Nijeriya kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cikin masu sa ido a kan wannan al'amari. To, amma doka ba ta gyara waya. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gano cutar fitilar tirela aiki ne na bin tsari, ba na canke ba, kuma kaso mai yawa na waɗannan cututtuka ba a cikin ƙwan fitila suke ba, suna kan hanyar da wuta ke bi ta koma gida.

2.0 Kalmomin Sana'a

Ya kyautu a fara da kalmomin da direbobi da 'yan rewaya, watau masu gyaran wutar mota, suke amfani da su, don kuwa da su za a yi bayani. Wasu na aro ne daga Ingilishi, an yi musu kwaskwarima sun bi tsarin sautin Hausa: tirela, batir, fiyus, soket, burki, sigina, ribas. Daga cikinsu akwai danja, wadda asalin ma'anarta haɗari, amma a bakin Bahaushe ta zama sunan jar fitilar bayan mota. Wasu kuwa tsofaffin kalmomin Hausa ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. Ɓangaren da ke da inji yana jan tirela shi ne kai. Lantarki shi ne wuta. Kwalbar da ke ba da haske ita ce ƙwai.

Akwai kuma ma'aunai uku. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tunkuɗa wuta. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana cikin waya. Wat kuwa shi ne ma'aunin aikin da ƙwai ke yi, ana samunsa in an ninka bolt da amfiya. Alal misali, ƙwan burki mai wat 21 yana jan amfiya 1.75 a mota mai bolt 12, amma a mota mai bolt 24 rabin wannan kawai ƙwai mai wat 21 zai ja.

3.0 Zuwa da Komowa

Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta tabbata akwai hanyar komowa. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta fiyus, ta wuce makunni, ta bi waya har zuwa ƙwai, ta ratsa ɗan siririn zaren ƙarfen da ke cikinsa ya yi zafi ya ba da haske, sa'an nan ta koma kan batir mai alamar ɗebewa. Ko'ina wannan zobe ya yanke, a wajen zuwa ne ko a wajen komowa, fitila ba za ta kama ba.

Don a rage yawan waya, masu ƙera motoci sun mai da ƙarfen jikin mota hanyar komowa. Ana ɗaure kan batir mai alamar ɗebewa a jikin ƙarfen, kowace fitila kuma a ɗaure mata 'yar gajeriyar waya a jikin ƙarfen da ke kusa da ita. Wannan ita za a kira wayar ƙasa a cikin wannan maƙala. A ƙaramar mota dabarar ba ta cika ba da wahala ba, don jiki ɗaya ne. Amma kai da tirela jiki biyu ne. Abin da ya haɗa su shi ne farantin ƙarfen nan da gaban tirela ke zaune a kansa, wanda kullum a shafe yake da giris, ga tsatsa, ga ƙura, ga girgiza. Wutar da ta dogara da wannan faranti wajen komowa za ta wuce yanzu, anjima ta kasa. Shi ya sa ake ganin tirela a kan hanya mai gargada fitilunta suna kamawa suna mutuwa kamar ana wasa da makunni. Hanyar komowa ta ainihi ita ce waya ta musamman da aka keɓe a cikin igiyar da ta haɗa kai da tirela.

4.0 Igiya da Soket

A bayan ɗakin direba akwai igiyoyi masu murɗe-murɗe da suka tsallaka zuwa gaban tirela. Biyu daga cikinsu na iskar burki ne, ja da rawaya a motocin Turai, ja da shuɗi a motocin Amurka, ba ruwansu da wuta. Ta fitilu kuwa ita ce mai ɗauke da wayoyi bakwai, kowace da launinta, tana ƙarewa da soket mai ƙafa bakwai. A manyan motocin Turai, bisa ƙa'idar da ake kira ISO 1185, rabon aikin kamar haka yake:

(a) ƙafa ta 1, farar waya: wayar ƙasa;
(b) ƙafa ta 2, baƙar waya: fitilar baya ta hagu;
(c) ƙafa ta 3, rawaya: siginar hagu;
(d) ƙafa ta 4, jar waya: fitilar burki;
(e) ƙafa ta 5, koriya: siginar dama;
(f) ƙafa ta 6, mai ruwan ƙasa: fitilar baya ta dama;
(g) ƙafa ta 7, shuɗiya: sarrafa burkin tirela.

Motocin Amurka suna bin wata ƙa'ida mai suna SAE J560, wadda soket ɗinta ya yi kama da wancan, launukan sigina da burki da wayar ƙasa ma duk ɗaya ne. A nan ne wani tarko yake. Motocin Turai irin su DAF da MAN da Mercedes, da na Sin irin su Howo, suna aiki da bolt 24, alhali kuwa na Amurka irin su Mack fitilunsu na bolt 12 ne. Da yake duk waɗannan suna yawo a hanyoyin Nijeriya, kuma akan canja wa tirela kai, sai a tarar soket ya shiga daidai amma ƙarfin wuta ya saɓa. Ƙwan bolt 12 da aka ba bolt 24 zai yi wani irin haske mai kashe ido, sa'an nan ya ƙone nan take. Ƙwan bolt 24 da aka ba bolt 12 kuwa zai yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Kowane ƙwai an buga ƙarfinsa a gindinsa, abin da ake bukata kawai a duba.

Ƙananan motoci masu jan amalanken ƙarfe su ma suna da soket mai ƙafa bakwai na bolt 12, bisa ƙa'idar ISO 1724, amma a cikinsa wayar ƙasa tana ƙafa ta 3 ne. Sababbin motoci kuma sun zo da soket mai ƙafa 13 a ƙanana, da mai ƙafa 15 a manya. Daɗin daɗawa, tirelar da ta daɗe tana shan gyara a gareji daban-daban ba lalle ne launin wayoyinta ya bi kowace ƙa'ida ba, don ɗan rewaya yakan sa wayar da ya samu ne. Saboda haka launi jagora ne kawai, gwaji shi ne shaida.

5.0 Alamomi da Fassararsu

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kowace irin lalacewa tana da alamar da take nunawa, kuma wanda ya iya karanta alamar ya yi rabin aiki tun bai taɓa sifana ba. Cututtukan iri uku ne.

5.1 Yankewar hanya. Wannan ita ce mafi sauƙi. In fitila ɗaya tak ta mutu sauran na aiki, to ko dai zaren ƙwai ya tsinke, ko mazaunin ƙwan ya yi tsatsa, ko wayar da ta zo masa ta katse. In fitilun burki sun mutu a kai da tirela baki ɗaya, sai a tuhumi fiyus ko makunnin burki, wanda a motoci da dama masu burkin iska matsin iskar ne ke kunna shi. In kuwa dukkan fitilun tirela ne suka mutu alhali na kai suna lafiya, to abin da suka yi tarayya a kansa za a nema, watau soket, da igiya, da wayar ƙasa.

5.2 Gajeriyar hanya. In rigar waya ta goge a jikin ƙarfe har jan ƙarfen cikinta ya taɓa jikin mota, wuta ta sami hanyar komowa ba tare da ta biya ta kan ƙwai ba. Sai ta kwararo da yawa fiye da kima, fiyus ya ƙone. Fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin waya, kuma launinsa na nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Al'adar nan ta cire fiyus da ya ƙone a cusa guntun waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli a gurbinsa, ba ta warkar da kome ba. Iyakarta ta kori mai gadi, ta bar waya ta yi zafi har ta kama da wuta. Haɗarin wannan a jikin tankar mai ba ya bukatar dogon bayani.

5.3 Raunin wayar ƙasa. Wannan ita ce mai ruɗa mutane, don alamominta kamar na tsafi suke. A kunna siginar hagu, sai a ga danja ta dama tana ƙifta ido tare da ita. A taka burki da rana, sai fitilun gefe su yi ɗan haske. A kunna fitilun dare danja ta kama, amma da an taka burki sai ta mutu gaba ɗaya, a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙwan danja da yawa zare biyu gare shi, ɗaya mai wat 21 na burki, ɗaya mai wat 5 na fitilar dare, kuma duka biyun gindi ɗaya suke bi su koma ƙasa. In tsatsa ta toshe wannan gindi, wutar burki takan shiga ta zarenta, ta tarar babu mafita, sai ta juya ta bi ta zaren fitilar dare da baya, ta bi wayarsa ta isa wasu fitilun da ƙasarsu ke da lafiya, ta koma ta nan. Shi ya sa fitilun da ba a kunna ba suke yin haske dishi-dishi. In kuma an riga an kunna fitilun dare, to wuta mai ƙarfi ɗaya ta tunkaro ƙwan ta ƙofofinsa biyu, babu wadda za ta ture wata, sai gudana ta tsaya, ƙwai ya yi duhu. Wanda bai fahimci haka ba sai ya yi ta sayen sababbin ƙwayaye yana sakawa, an bar jaki ana dukan taiki.

6.0 Matakan Bincike

Kafin kome, a kau da mota daga kan kwalta, a ja burkin tsayawa, a sa waigi a ƙarƙashin taya. In tilas ta sa an tsaya a kan hanya, a kafa alama mai kusurwa uku nesa da bayan mota, don rassan itacen da aka saba zubawa ba su mayar da haske da dare. In tankar mai ce, kada a kuskura a gwada waya ta hanyar ƙyasta ta a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi.

Kayan aikin kaɗan ne: ƙwan gwaji mai ƙarfin bolt daidai da na motar, da na'urar awon wuta, da doguwar waya mai kauri, da takardar gogewa. Ya kamata a san bambancin na farko da na biyu. Na'urar awo kusan ba ta jan wuta, don haka tana iya nuna cikakken bolt ko da silin waya ɗaya ne ya rage, ko mahaɗa ta cika da tsatsa. Ƙwan gwaji kuwa yana ɗora wa waya kaya, in ba ta iya ɗauka ba sai ya tona mata asiri.

Mataki na farko shi ne tambaya da kallo. Yaushe abin ya fara? Bayan ruwan sama ne, ko bayan wanki, ko bayan an yi walda, ko bayan an canja kai? Sa'an nan mutum ɗaya ya zauna a ɗakin direba yana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, wani ya tsaya a baya yana lura.

Mataki na biyu, wanda shi ne ginshiƙin aikin duka, shi ne raba gardama tsakanin kai da tirela. A zare igiya, a gwada kowace ƙafa ta soket ɗin kai. A nan akwai abin lura. In aka maƙala ƙwan gwaji a jikin ƙarfen mota, an gwada hanyar zuwa ce kaɗai. Sai an sake gwajin an maƙala shi a ƙafar farar waya sa'an nan za a san ko hanyar komowa na da lafiya. In wuta ba ta iso soket ba, laifin na kai ne, kuma a tuna cewa motoci da yawa suna da fiyus na tirela daban da na fitilunsu.

Mataki na uku shi ne igiyar kanta. A mayar da ita jikin kai, a gwada ɗaya bakin, ana lanƙwasa ta ana miƙewa, musamman kusa da bakunan, don a nan wayoyi suka fi karyewa a cikin riga ba tare da an gani daga waje ba. A duba ƙafafun tagulla. In sun yi koren tsatsa a goge, in sun saki a gyara su su kama tam.

Mataki na huɗu shi ne gwada tirela ita kaɗai. A kawo batir mai ƙarfin da ya dace, a haɗa kan ɗebewa da ƙafar farar waya, a bi sauran ƙafafun da waya mai fiyus ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙafa fitilarta kaɗai ya kamata ta kunna. In ta kunna biyu, ko dai wayoyi biyu sun haɗu, ko ƙasa ta yi rauni. Don a bambance, sai a ja doguwar wayar nan daga kan ɗebewa na batir a taɓa gindin fitilar da ake tuhuma. In nan take ta warke, magana ta ƙare, wayar ƙasa ce. Mai na'urar awo kuwa zai iya auna tsakanin waɗannan wurare biyu fitila tana kunne, in abin da ya gani ya haura rabin bolt, akwai tsatsa ko sako-sako a hanya.

In fiyus ne ke ta ƙonewa, akwai wata dabara. A sa ƙwai a gurbin fiyus ɗin. Muddin waya na taɓa ƙarfe ƙwan zai yi cikakken haske. Sai a bi waya ana girgiza ta gaɓa-gaɓa, musamman inda ta ratsa huda, ko ta bi kusa da taya, ko inda aka yi walda. Inda aka taɓa hasken ya ragu, nan ɓarnar take.

7.0 Gyara Mai Ɗorewa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tirelar da ke tasowa daga Apapa ta nufi Kano ko Maraɗi tana shan iskar teku mai gishiri, ta sha ruwan damina, ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara. Duk mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ruwa zai shiga, ya bi cikin rigar waya, ya mai da jan ƙarfe baƙi. Gyaran ƙwarai shi ne a yanke har inda jan ƙarfe ke ƙyalli, a liƙe da dalma ko a matse da mahaɗi, a rufe yadda ruwa ba zai shiga ba. Wurin ɗaure wayar ƙasa kuwa a kankare fenti da tsatsa sai farin ƙarfe ya bayyana, a ɗaure da kusa mai ƙarfi, sa'an nan a shafa giris a bisa. Kada kuma a yi rowar kaurin waya. Tirela mai ɗaukar kwantena mai ƙafa 40 ta kai mita 12, siririyar waya kuwa tana shanye ƙarfin wuta kafin ta kai ƙarshe, kamar yadda ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana a 1827 ta nuna.

Fitilun zamani da ake kira LED sun rage wahalar tsinkewar zare, kuma suna kamawa da sauri fiye da ƙwai mai zare. Amma sun zo da nasu hali. Da yake wutar da suke ja kaɗan ce, na'urar sigina takan ɗauka ƙwai ya mutu, sai ta yi ta ƙiftawa da sauri fiye da ƙa'ida, watau sau 60 zuwa 120 a minti guda. Haka kuma ba su kamawa in an juya musu waya. Sababbin motoci kuwa kwamfuta ce ke raba wa fitilu wuta tana ƙididdige abin da kowace ke ja, don haka huda wayar danja a jona tirela kai tsaye na iya sa ta yanke wutar, ko ta lalace. Irin waɗannan motoci suna da akwatin jona tirela na musamman, shi ya kamata a nema.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa fitilar tirela ba ta mutuwa sai ta ɗaya daga hanyoyi uku: hanya ta yanke, ko ta gajarce, ko komowa ta yi rauni. An kuma ga cewa mai bincike yana cin nasara ne in ya raba kai da tirela, ya san ɓangaren da ke da laifi, sa'an nan ya bi wuta daga batir har ƙwai, ya kuma rako ta har ta koma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zagayen minti biyu da yaron mota zai yi kafin a tashi daga tasha, direba na taka burki yana kunna sigina, shi kuma yana dubawa yana share ƙura daga gilashin danja, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan abin da kan biyo baya in aka shiga duhu da bayan mota a makance.